Ku Tambaya Mu Amsa: Zan maida kwamfutar gem ɗina falo

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kwamfuta ta tebur da nake buga gem da ita a ɗaki, to bayana ya gaji da zaman kujera, so nake in maida ita falo in jona da TV ɗina mai inci 55 in dinga yi ina kishingiɗe. Na gwada sau ɗaya amma in na danna sai motar ta ɗan jima kafin ta juya, rubutun kuma ƙanana ko gani bana yi. Sabuwar TV zan saya ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka sayi komai tukuna, wannan jinkirin yawanci daga saitin TV ne. Ita talabijin an yi ta don kallo, duk hoton da ya shigo sai ta tsaya ta yi masa kwalliya, ta gyara kala ta sulɓe motsi kafin ta nuna maka, mai kallon ƙwallo ba zai taɓa lura ba amma kai da yatsanka ke kan maɓalli dole ka ji. Shiga saitin hoto ka kunna Game Mode a ramin HDMI ɗin da ka jona, ka kashe duk wani abu mai sunan motion. Sau da yawa nan kaɗai maganar ke ƙarewa.

Sai waya. Ka tabbata a jikin katin hoto (graphics card, ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoton gem) ka soka ta, ba ramin da ke sama kusa da su USB ba, mutane da yawa nan suke kuskure. HDMI 2.0 na kai 4K (hoto mai kaifi sosai) a 60Hz (wato hoto 60 a daƙiƙa ɗaya), 4K a 120Hz kuwa sai 2.1, kuma sai TV da waya da katin duk sun iya, kamar katin RTX 30 ko RX 6000 zuwa sama. In katinka na nishi ka sauko 1080p abinka, daga kan kujera santsin motsi ya fi kaifin hoto daɗi nesa ba kusa ba.

Rubutu kam mai sauƙi ne, ka ɗaga Scale na Windows zuwa 200%, in kana da Steam, manhajar saye da buga gem, ka buɗe Big Picture a cikinta, don falo aka yi shi, da pad kaɗai zaka zagaya ko'ina.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Wallahi ina jin ciwo in naga an tura kwamfuta cikin durowar ƙasan TV an rufe ƙofa don falo yayi kyau, iskar da ta fitar mai zafi ita zata sake shaƙa, fanka ta dinga kuka, da zafi yayi yawa kuma ita da kanta zata rage gudu don kar ta lalace, kai kana nan kana zargin gem ɗin. Ka bar mata fili gaba da baya, kar ka ɗora ta kan kafet kai tsaye don ƙura take zuƙa ta ƙasa, ko ɗan katako ne sa mata.

Bayanka kuma, tazarar kamar mita 2 ta isa ga inci 55, tsakiyar allon ya zo daidai idonka in kana zaune. In ka kafe ta can sama a bango ka huta da ciwon baya ka ɗauko na wuya. Filo a ƙugu, ɗan haske a bayan TV da dare. Pad ɗin Xbox na aiki da Windows ba wahala, ka haɗa da ƙaramin kibod mara waya mai wurin shafawa don ranar da wani saƙo ya fito ya tsaya maka.

TAMBAYA: Malam ni mutanen gida ne suka ce ƙarar kwamfutar ta ishe su a falo, ya zanyi?

AMSA: Bar ta a ɗaki ɗan'uwa, ka sa manhajar Steam Link a TV ko akwatin Android, kwamfutar na aiki a can hoton na zuwa falo. Amma ka ja wayar intanet (Ethernet) zuwa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, a duk ɓangarorin biyu, Wi-Fi na yawan sa hoton tsinkewa.