Filin Bakanike: Tambayoyinku a kan Shokin Babur

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa kusan duka a kan shok suke, kuma ba abin mamaki ba ne. Damina ta bar ramuka a hanyoyi, hunturu ya kawo ƙura, su biyun kuwa su ne ke cinye shok a ƙasar Damagaram. Abu ɗaya mai karatu zai riƙe kafin mu shiga: sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man da ke cikin shok shi ne ke hana babur ya yi ta tsalle bayan ya taka rami. Wanda ya rarrabe aikin waɗannan biyun ba zai sayi kayan da bai buƙata ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kabu-kabu ne, babur ɗina Haojue 125. Shokin gaba na hagu yana zubar da mai har ya jiƙa ƙafar gaba. An canza mini sil sau biyu, bai jima ba ya koma zuba. Sil ɗin ne jabu ko me? Daga unguwar Garin Malam.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jabun sil akwai shi a kasuwa, amma idan sil biyu suka mutu a jere a ɓangare guda alhali ɗaya ɓangaren lafiya lau, to mu sandar shok ɗin muke zargi. Sil roba ce mai siririn leɓe da ke rungume da sandar nan mai sheƙi, sandar tana hawa tana sauka a cikinta duk lokacin da taya ta taka wani abu. Duk wani tabo da ke jikin sandar, na tsatsa ko na tsakuwa, yanka leɓen yake kaɗan-kaɗan.

Ka goge sandar tas, ka bi ta da farce daga sama zuwa ƙasa a iya wurin da sil ke zirga-zirga. Inda farce ya maƙale, nan ɓarnar take. Idan ɗan ƙaramin tabo ne, a shafa mai a goge shi da sanfefa mai laushi, lamba 800 ko 1000, ana zagaya sandar, kada a goga ta a tsaye. Idan kuwa sheƙin ya ɓare har baƙin ƙarfe ya fito, sandar ta gama aiki. Bayan an ciro ta, a mirgina ta a kan gilashi ko wani abu shimfiɗaɗɗe. In tana ɗingishi, ta lanƙwashe. Littattafan gyara na Honda ba su yarda lanƙwasar ta wuce milimita 0.2 ba, kuma wannan awon ya dace da ire-iren baburanmu. Kada ka bari a gasa ta da wuta don a miƙe ta; zafi yana kashe ƙarfinta, wata rana ta karye maka a guje.

Sau da yawa wajen sa sil ɗin ne ake kashe shi tun bai fara aiki ba, don haka ka tsaya a kan aikin. A ɗora babur a jak ɗinsa na tsakiya, a danne bayansa gaba ya tashi. A sassauta murfin saman sanda tun tana ɗaure a wuya, a cire ƙafa, a kuma sassauta bol ɗin da ke can ƙasan shok tun sifirin na ciki, domin matsin sifirin ne ke hana ƙarfen ciki juyawa tare da bol ɗin. Yawanci makulli mai kusurwa shida na milimita 6 ko 8 ke kwance shi. Daga nan a zare shok, a buɗe murfin a hankali don sifirin na iya harbo shi, a zubar da tsohon mai. Sai a ɗaga robar ƙura, a cire zoben ƙarfen da ke tare sil, a fitar da tsohon sil ba tare da an karce mazauninsa da sukudireba ba. A wanke komai da kananzir a bar shi ya bushe. Idan akwai bushi a ciki, wato zoben da sanda ke zamewa a cikinsa, kuma ya cinye har sanda na girgiza a cikin bututun ƙasa, a canza shi, in ba haka ba sabon sil ma ba zai yi ƙarko ba.

A jikin kowane sil akwai lambobi uku, misali 31×43×10.5: faɗin ciki, faɗin waje da kauri, a milimita. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, lambobin su yi daidai. Ɓangaren da ke da rubutu shi ke kallon sama, mai ɗan sifirin a ciki shi ke kallon mai. A shafa wa leɓen man shok, a rufe kan sandar da 'yar leda kafin a zura sil don kaifin bakin kada ya yanke shi, a tura shi da guntun bututun roba mai faɗinsa ko da tsohon sil, har ramin zoben ƙarfe ya bayyana duka. Wanda ya buga shi da guduma da sukudireba ya karkatar da shi ke nan. Woshar jan ƙarfe da ke bol ɗin ƙasa a sa sabuwa, don ta nan ma mai na ɗiga a ɗauka sil ne.

Robar ƙura kuwa kada a maida tsohuwa don tsimi. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ita ce ke tare ƙurar hazo da rairayi. A ganinmu duk mai bin hanyar burji ya kamata ya sa doguwar robar nan mai naɗe-naɗe da ke rufe sandar gaba ɗaya. Tun da kuma ka ce mai ya jiƙa ƙafa, a buɗe birkin gaba yau ɗin nan. Fatun birki da suka sha mai canza su ake yi, wanki ba ya dawo da su, kai kuma rayukan mutane kake ɗauka.

Tambaya: Ina koyon aiki a wani gareji a Sabon Gari. Na ga ana zuba man inji 20W-50 a shokin gaba, ana cewa ya fi ƙarfi. Wane mai ya dace, kuma nawa ake zubawa?

Amsa: Allah ya yi wa sana'a albarka, ƙanenmu. A cikin shok akwai ƙarfe mai 'yan ƙananan ramuka, man yana bi ta cikinsu duk lokacin da shok ya nitse ko ya taso. Mai kauri kamar 20W-50 ba ya wucewa da sauri, musamman da sanyin safiyar hunturu. A kan gargada sai shok ya nitse bai gama tasowa ba ya sake cin karo, gaban babur ya sandare, dukan hanya ya koma hannun mai tuƙi da boris ɗin wuya. Mutum zai ji kamar ya yi ƙarfi, alhali taya ta daina bin ƙasa yadda ya kamata. Man shok na 10W shi ne daidai ga yawancin baburan 110 zuwa 150. Mai ɗaukar kaya kullum zai iya zuba 15W. Idan babu, jan man giyar mota mai canza kanta, wanda ake rubuta ATF a jikin galan ɗinsa, yana aiki, har tsofaffin littattafan Honda ma shi suka ce a zuba. Baƙin mai da aka juye daga inji da man birki kam a nisance su: na farko cike yake da garin ƙarfe, na biyu yana kumbura roba.

Yawan mai ya bambanta daga babur zuwa babur, amma a waɗannan ƙananan bai kai kwatan lita ba a kowane ɓangare. Littafin babur shi ke faɗin adadin, a auna da sirinji babba. Idan littafin ya ɓace, a cire sifirin daga ɓangaren da bai taɓa zuba ba, a danne sandar har ƙasa, a auna daga bakinta zuwa saman mai da waya mai tsabta, a riƙe wannan awon don duka biyun. Bayan an zuba, a ɗaga sandar a sauke kamar sau goma iska ta fita, sannan a sake aunawa. Mai ya yi yawa, iskar da ke samansa ba ta da wurin matsewa, shok ya yi tauri ya fasa sil. Ya yi kaɗan, gaba ya riƙa nitsewa har ya buga ƙasa in an kama birki. Kuma ba a gyara ɓangare ɗaya a bar ɗaya da tsohon mai.

Tambaya: Ina ɗauko buhunan kaya daga Mirriya zuwa kasuwar Dole a kan Bajaj Boxer. Ɓangaren baya na babur ɗin ya zauna, in na faɗa rami taya na gogar sama. An ba ni shawara in sa shok mai tsawo, ko a cusa guntun bututu a sifirin.

Amsa: Alhaji, kafin ka kashe ko dala, duba ƙasan sifirin ɗin baya. Akwai zobe mai matakala, galibi hawa biyar, da ake juyawa da makulli mai ƙugiya. Mai kaya ya kai shi hawa na huɗu ko na biyar, kuma hagu da dama su kasance a hawa ɗaya. Wannan yana ɗaga bayan babur ya ba shok sararin aiki, sai dai ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Awon da ake bi shi ne: da kai da kayanka a kai, shok ya nitse kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarsa. Idan yana hawa na ƙarshe amma ya cinye fiye da rabi tun babur na tsaye, ko dai sifirin ya gaji, ko kayan sun wuce abin da aka ƙera babur ɗin ya ɗauka.

Gwada man ciki kuma da sauƙi. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Lafiyayyen shok zai taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta lilo, ko ka ga mai haɗe da ƙura ya yi baƙi a jikinsa, ya mutu. Shokin baya na irin waɗannan babura a rufe yake daga kamfani, canza shi ake yi, kuma biyun tare. Masu 'yar gwangwani a gefe iskar gas ce a matse a ciki, kada a huda su, kada a kai su kusa da wutar walda.

Batun bututu a sifirin ba mu goyi baya ba. Zoben sifirin za su riƙa haɗewa, dukan ya wuce kai tsaye zuwa ƙarfen da ke riƙe shok a jikin babur, nan ne yake tsagewa. Shok mai tsawo shi ma yana da nasa: yana canza zaman sarƙa, yana tura nauyi gaba, kan babur ya yi rawa cikin rairayi. Ka auna tsohon daga tsakiyar ramin bol na sama zuwa na ƙasa, ka nemi mai wannan tsawon amma mai kaurin sifirin, irin na ɗaukar kaya. A duba robobin da ke cikin ramukan bol ɗin, su ne ke yin ƙwas-ƙwas in sun cinye. Sarƙa kuma a bar mata sassauci na milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta. In ta yi tsauri, tana hana shok motsi tana cin boris. Kayan ma a matso da su gaba kusa da bayanka, kada su rataya can bayan ƙafa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Birni. Ƙaramin babur ɗina yana yin ƙara a gaba in na kama birki, kansa kuma yana kaɗawa in na ɗan yi sauri. An ce sai na canza shokin gaba duka.

Amsa: Malama, kada ki saya tukuna. Alamun nan biyu sun fi kama da boris ɗin wuya. A ɗaga gaban babur, a kama ƙasan shok biyun a ja gaba a tura baya. In an ji motsi a wuya, notinsa ya sassauta. Sai a juya kan a hankali daga hagu zuwa dama. In yana maƙalewa a tsakiya, ƙwallayen sun haƙa rami a mazauninsu, sai an canza su da mazaunin duka an cika giris. A ɗaure notin iya yadda motsin zai ɓace amma kan ya iya faɗawa gefe da kansa. A kuma girgiza ƙafar gaba gefe da gefe don jin boris ɗinta, a ƙwanƙwasa wayoyin ƙafa a ji ko akwai sakakku. Iskar taya a auna ta da ma'auni, kada a dogara da danna yatsa: ga yawancin ƙananan babura kusan bar 1.75 a gaba, bar 2 a baya, 2.25 in akwai goyo. Iskar da ta yi yawa tana sa lafiyayyen shok ya zama kamar matacce.

Tambaya: Na faɗi cikin rairayi a hanyar Tanut. Yanzu taya na kallon gaba, hannun babur na kallon gefe. Shok ya lanƙwashe ke nan?

Amsa: Allah ya kiyaye gaba. Sau da yawa sandunan ne kawai suka murɗe a maɗaurinsu. A sassauta bol ɗin maɗaurin ƙasa na wuya, da notin sandar ƙafa, da na murfin taya, a bar na sama a ɗaure don kada babur ya zube. A kama birkin gaba a danna kan babur ƙasa sau biyar ko shida, komai zai koma mazauninsa, sannan a ɗaure daga sama zuwa ƙasa. Idan bayan haka har yanzu a karkace yake, ko shok yana nitsewa ya ƙi tasowa, a zare sandunan a mirgina su a kan gilashi, a duba maɗaurin ƙasa shi ma, don yakan lanƙwashe tare da su.