Kwamfutata na mutuwa da kanta saboda ƙura: in kwance ta in wanke da fetur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutar tebur ɗina ta shekara uku ban taɓa buɗe ta ba. Yanzu fankarta sai ƙugi take yi, kuma da na ɗora mata aiki mai nauyi sai ta mutu da kanta. Na leƙa ta baya na ga ƙura ta toshe ko'ina. Wani mai gyara ya ce in kwance komai har da akwatin wuta in wanke da fetur. Duk aikina a cikinta yake, ina tsoron kada in yi asara. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, zafi ne ke damunta, kuma yana da magani. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ta doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos takan rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Saka manhajar auna zafi irin HWMonitor ko Core Temp ka duba. Kwamfuta mai lafiya da ba ta aikin komai yawanci tsakanin 30 da 45 take zama. Kafin ka taɓa sukudireba, kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri.

Shawarar mai gyaran nan kuwa, kada ka kuskura. Akwatin wuta, wato fawa sufulai, ba a buɗe shi. Kullum sai an ji mai cewa ai na zare filogi, wutar me kuma ta rage? Akwai manyan kafasita, wato ma'ajiyar caji, a ciki da ke riƙe da bolt 300 zuwa 400 yayin aiki, kuma zare filogi ba ya zubar da cajin nan take. Akwai ƴar rezista da aka sa don ta tsotse shi a hankali, to idan ta mutu fa? Ba abin da zai nuna maka daga waje. Hannunka ne zai gaya maka, kuma wutar da ta ratsa daga hannu zuwa hannu ta ƙirji take bi. Gargaɗin da ke manne a jikin akwatin ba ado ba ne. Masu cewa danna maɓallin kunnawa bayan an zare filogi yana zubar da komai, su sani wannan yana rage cajin da ke kan madabod ne, wato babban allon da aka jona komai a kansa, bai isa hujjar tura yatsa cikin fawa sufulai ba.

Sai fetur. Abin takaici ne a ce mutum na karɓar kuɗin jama'a da sunan gyara yana ba da irin wannan shawara. Fetur yana cin wasu robobi, yana wanke man da ke cikin fanka, yana barin maiƙo da sabuwar ƙura za ta manne a kai, tururinsa kuma tartsatsi ɗaya yake jira. Don kwamfutar wani ta tashi bayan an yi mata haka, ba ya nufin an yi daidai. Fawa sufulai daga waje ake busa shi, ta ramukan iska. In ya lalace, a sauya shi ɗungurum.

Ga yadda ake aikin. Kashe kwamfutar, kashe makunnin baya, zare duk wayoyi, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10. Fitar da ita fili, ka sa takunkumi. Cire murfin gefe, ka ɗauki hoton ciki da waya don ka san mazaunin kowace waya. Riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa wani abu a ciki, domin cajin da ke taruwa a jikin mutum, wanda ko jin sa ba ka yi, ya isa ya kashe ram, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi. Saboda haka ne ma ba a cusa bakin injin zuƙar shara a kan madabod.

Yi amfani da gwangwanin iska ko ƙaramar bulowa. Gwangwanin a tsaye ake riƙe shi, a fesa kaɗan-kaɗan, daƙiƙa ɗaya ko biyu, don in ka karkata shi ruwa mai tsananin sanyi zai fito. Injin ba taya iska kuwa yakan feso danshi da mai, bar shi. Busawa da baki ma yawu ne kawai za ka zuba. Kowace fanka ka tokare ta da yatsa ko tsinke kafin ka busa. In iska ta juya ta fiye da ƙima, boris ɗin cikinta na iya lalacewa, kuma tana iya mayar da wuta cikin madabod.

Inda matsalarka take shi ne tsakanin fankar furosesa da haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Nan ƙura ke dunƙulewa ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Sassauta ta da buroshi mai laushi sannan ka busa. Haka za ka yi wa katin hoto in akwai. Ragar tace ƙura ta gaba ita kaɗai ake wankewa da ruwa, sai ta bushe sarai a mayar.

In ka gama zafin bai sauka ba, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Kunna kwamfutar minti biyar man ya yi laushi, kashe, sannan ka murɗa ƙarfen a hankali kafin ka ɗaga, don a soket, wato mazaunin furosesa, irin AM4 na kamfanin AMD, furosesa kan biyo shi ƙafafunta su lanƙwashe. Goge tsohon man da sinadarin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ka ɗiga sabo a tsakiya, faɗin milimita 4 zuwa 5. Muddin ka ɗaga ƙarfen, dole ka sa sabon mai.

Daga nan ka riƙa busa ta duk wata uku zuwa shida, ka ɗauke ta daga ƙasa, ka bar mata tazara da bango don iska ta samu hanyar fita.