Amsa: yaya limamin coci ya zama magatakardan birni?

Malam, tambayarka kan yadda limamin coci zai riƙe alƙalamin majalisar gari ba abin mamaki ba ce a Jamus ta zamanin da. Mutanen coci ne suka fi iya Latin da rubutu, don haka su ake nema.

Dubi Yohannes Rothe na garin Aizenak, a yankin Turingiya, wanda ya rasu a 1434. Ya fara da aikin magatakarda: wasiƙu, yarjejeniyoyi a kan fata, a liƙa hatimin kaki a ƙasa. Daga baya ya shiga majalisar limaman cocin Maryama ta garin, har ya shugabanci makarantarta. Kujerarsa a majalisar limaman tana da kuɗin shiga nata, ba sai ya jira albashin majalisar gari ba. A nan ya samu sukunin rubuta tarihin Turingiya, da Jamusanci kuma.