Tambaya da Amsa: Farfaɗo da tsohuwar motar Amurka mai injin V8 ba tare da aljihu ya huje ba

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ne kan motocin nan na Amurka masu ƙarfin tsiya, waɗanda aka yi yayinsu daga 1964, shekarar da Pontiac GTO ta fito, zuwa farkon shekarun 1970.

Tambaya: Mustang biyu ne a gabana, duka 'yan 1966. Ɗaya mai silinda shida ce, fentinta ya koɗe amma bodin lafiya lau. Ɗayar V8 ce, wato mai silinda takwas, tana tashi, sai dai tsatsa ta ci ƙasanta. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malam, ɗauki mai lafiyayyen bodi. Inji abu ne da ake kwancewa a sauke a ɗora wani cikin kwana biyu, amma tsatsa aikin watanni ce, kuma ita ke cinye kuɗin da aka ware wa komai. Mustang ba ta da shasi daban da bodi, ƙarfen ƙasan nata shi ne ƙashin bayanta. Idan ya ruɓe, ƙofofi su daina rufuwa daidai, motar ta riƙa murɗewa in an taka ta.

Sai dai kada ka yarda da kalmar "lafiya lau" sai ka gwada da hannunka. Ka zuba bokitin ruwa ta ragar iskar da ke gaban gilashin gaba, sannan ka ɗaga kafet ka taɓa wurin ajiye ƙafa. In ka ji danshi, akwatin da ke ƙarƙashin ragar ya huje, kuma gyaransa na buƙatar a yanke walda a buɗe wurin gaba ɗaya. Ka shiga ƙarƙashinta da sukudireba ka caccaki dogayen ƙarafan da ke ɗauke da ita da kusurwoyin da ke bayan tayoyin gaba. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ya lotsa, garin tsatsa ya zubo maka a fuska. Ka kuma bi gefen tayoyin baya da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka shafe da fenti.

In kana da niyyar mayar da ita V8 nan gaba, ka sani aikin ya wuce ɗora inji. Mai silinda shida noti huɗu ke riƙe tayarta, V8 biyar, kuma birkinta da aksul ɗinta na baya duk ƙanana ne, dole su ma a sauya su. Harafi na biyar a lambar da kamfani ya buga a jikin motar (VIN) zai gaya maka injin da ta fito da shi daga kamfani: T silinda shida, C da A da K kuwa nau'o'in V8 mai girman inci kubik 289 ne.

Tambaya: Na samu Chevelle 1970 mai injin 350 (girmansa a inci kubik) da ta yi shekara 15 a ajiye. In sa mata batir in murza makulli?

Amsa: A'a, ka dakata tukuna. Ka cire fulogi takwas ɗin, ka zuba cokali ɗaya na mai mara kauri a kowace silinda, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka juya injin da sifana ta babban notin gaban karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa. In ya cije kada ka danna masa ƙarfi, ringi ne ya manne da bango, kuma zai karye. In ya juya, ka zubar da tsohon baƙin mai, ka sa sabo da sabuwar filta, ka cire distiributa ka juya famfon mai da injin huda ƙarfe har ka ga mai ya hau saman bawuloli.

Tsohon fetur ya riga ya zama ƙaro a tanki, don haka ka ba kafireta mai daga galan mai tsabta. Tiyon roba na fetur duk ka sauya shi da mai lambar SAE J30R9, domin yawancin fetur ɗin Amurka na yau yana da kashi 10 na itanol, wanda ke cin tsohuwar roba. Wayoyin fulogi su bi tsarin 1-8-4-3-6-5-7-2. Bayan ta tashi ta yi ɗumi, ka auna matsin kowace silinda. In bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma matsin baƙin mai yana kai psi 10 (ma'aunin matsi) a kowane juyi 1,000 na inji a minti, to wannan injin bai buƙatar a buɗe shi yanzu. Kuɗin ya tafi wani wurin.

Tambaya: Abin da ke hannuna zai isa abu ɗaya ne kawai a GTO ɗina ta 1965: sabon kamshaf (sandan da ke buɗe bawulolin inji) ko gyaran birki?

Amsa: Birki, babu ja. Motar nan da birkin ganga mai inci 9.5 ta fito a duka ƙafafu huɗu, kuma mastan birkinta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, mai rumbu ɗaya ne. Ma'ana in tiyo ɗaya ya fashe a ko'ina, man birkin ya tsiyaye, ƙafarka ta tafi ƙasa babu abin da zai kama. Masta mai rumbu biyu, wanda ya raba gaba da baya, sai a motocin 1967 ya zama ruwan dare. Wannan shi ne sauyi na farko, kuma yana cikin mafi araha.

Daga nan ka sa birkin faifai a gaba. Na baya ka bar shi da gangarsa, domin gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Abu uku ke ba mutane matsala a nan. Masta ya zama na faifai a gaba da ganga a baya, don na ganga zalla yana riƙe ragowar matsi a layi, sai faifan ya riƙa gogawa yana zafi. A sa bawul mai daidaita matsi a layin baya, in ba haka ba tayoyin baya su riga kullewa motar ta juya. Sannan wasu tsofaffin rim masu inci 14 ba sa wuce sabon kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, ka auna kafin ka biya. Tiyoyin roba uku na birki su ma a sauya su: suna kumbura ta ciki alhali a waje sumul suke.

Tambaya: Na ɗora kafireta mai cfm 850 (ma'aunin iskar da take wucewa da ita a minti) a kan injin 350 da ba a taɓa komai a cikinsa ba. In na taka sai ta shaƙe kafin ta ɗauka. Me ya faru?

Amsa: Ta yi wa injin girma. Lissafin shi ne girman inji sau juyin da yake kaiwa, a raba da 3,456. Wato 350 sau 5,500, a raba da 3,456, ya ba da kusan cfm 557, kuma injin titi bai cika shaƙar fiye da kashi 85 na wannan ba, kusan 475 ke nan. Maƙogwaro mai faɗi yana rage saurin iska, iska mara sauri kuma ba ta jan fetur da kyau, shi ya sa take shaƙewa. Ka sayar da ita ka nemi mai cfm 600, irin Holley 1850 ko Edelbrock 1406.

In ƙarfi kake nema da kuɗi kaɗan, ka nemi tof silinda na Vortec daga manyan motocin GM na 1996 zuwa 2000, masu lambar da ta ƙare da 062 ko 906. Suna shaƙar iska fiye da tsofaffin nesa ba kusa ba. Amma ka sa a lissafi cewa sai da manifol nasu (hanyar shigar iska da fetur) mai noti takwas, da murfin bawul mai noti a tsakiya, da rokoki (ƙarafan da ke danna bawul) masu daidaita kansu. Kuma in kamshaf yana ɗaga bawul fiye da kusan inci 0.450, sai an yi musu aiki.

Tambaya: Sabon kamshaf ɗina ya cinye cikin mako guda. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Da wuya. Kamshaf mai tafet shimfiɗaɗɗe (ƙarfen da ke goguwa a kansa don ɗaga bawul) yana buƙatar baƙin mai mai sinadarin hana cinyewar ƙarfe da ake kira ZDDP da yawa, wanda aka rage a man motocin zamani. A tashin farko kuma ba a barin injin yana silo: a riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, domin man da karanshaf ke watsawa ne ke jiƙa shi. Yanzu garin ƙarfen ya zaga ko'ina cikin injin, don haka sai an kwance an wanke hanyoyin mai, an duba metal, kafin a sa wani kamshaf da sababbin tafet 16.