Nisan Kano da Guangzhou, da abin da za ka faɗa wa Hajiya

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, Hajiya kuma ta tsare ka da tambaya: yaya nisan wajen yake, in wani abu ya taso za ka iya zuwa? Allah ya sanya alheri, ya sa a fara a sa'a.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na nan Guangzhou, in an ja zare a miƙe, kusan kilomita 11,000 ne. Sai dai babu jirgin da ke tahowa kai tsaye. Yawancinmu ta Adis Ababa muke biyowa a jirgin Ethiopian, wasu kuma ta Alkahira. Kano zuwa Adis kilomita 3,300 da ɗoriya, wajen awa biyar. Daga can zuwa nan kilomita 8,000, awa goma ko fiye kana kujera ɗaya har ƙafa ta kumbura. Ga kuma jiran canjin jirgi a filin Bole na Adis. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu, don Adis a kan tudu take, sama da mita 2,300, dare na yi sanyi sai ya ratsa ƙashi. Katin allurar shawara kuma kada ya rabu da fasfonka.

Agogonmu ya riga naku da awa bakwai. Kuna la'asar, mu muna shirin kwanciya. Ranar da na sauka na shimfiɗa darduma na kalli gabas yadda na saba tun ina yaro, sai wani ɗan uwa ya kama kafaɗata ya juya ni yamma. A nan Makka ta can take.

Tambayar Hajiya kuwa, ka ba ta amsa ta gaskiya. A shekarata ta biyu Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa bayan sallar asuba. Ƙarfe ɗaya na rana agogon nan aka kira ni. Ina zaune a bakin gado ina ta laluben tikiti a waya, hannuna na rawa, kafin magariba Yaya ya sake kira ya ce sun dawo daga maƙabarta. Ko da kuɗin na aljihuna a lokacin, babu jirgin da zai kai ni in samu jana'iza. Abokai uku suka zo ɗakina muka yi masa addu'a. Har yau abin yana ci mini rai.

Ba ina hana ka tahowa ba ne, ka taho, karatun yana da kyau. Amma kada ka yi mata alkawarin zuwa duk hutu. Kafin ka taso ka saka mata WeChat a wayarta, don WhatsApp a toshe yake a ƙasar Sin, ka zauna kusa da ita ka koya mata yadda za ta danna ta kira ka da kanta.