Ina son sa, bai sani ba: in saya masa turare?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Gwammaja, shekarata 27. Akwai abokin yayana da ke sayar da shadda a Kantin Kwari, yakan zo gidanmu amma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya kwanta mini a rai. Na ɗauki adashi, ina tunanin saya masa turare mai tsada ko hula zanna da Sallah, ko zai gane. Ƙawata ta ce zubar da aji ne. Me kika gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki riƙe kuɗin adashinki tukuna.

Son da kike yi masa ba laifi ba ne, bayyana shi ma ba laifi ba ne. Nana Khadija ce ta fara nuna sha'awar auren Manzon Allah (SAW), ta aiki ƙawarta Nafisa ta ji ta bakinsa. A Bukhari, da Anas ɗan Malik ya ba da labarin matar da ta gabatar da kanta ga Annabi, 'yar Anas ɗin ta ce kai, wannan ba ta da kunya. Sai ya ce mata matar ta fi ta. Don haka ƙawarki al'adar gari take faɗa miki, ba hukunci ba. Sai dai a garin za ki zauna, kuma kin san bakin Kano.

Abin da ya sa na hana ki turaren shi ne, turare ba ya magana. Zai karɓa, ya ce “kai, har da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri,” ya jefa a aljihun mota. Ke kuma ki kwana kina juya wannan godiyar, kina neman abin da ke ƙarƙashinta. Wataƙila ya ɗauka kyautar ƙanwa ce. Idan kuma ya gane alhali ba ya ciki, kin ɗaure shi da nauyi, sai ki ga ya ɗauke ƙafa daga gidan, yayanki yana ta mamaki. Mafi muni shi ne wanda zai gane, ba niyyar aure a ransa, amma ya ci gaba da karɓa. Akwai su da yawa.

Saƙon WhatsApp ma ki bar shi. Abin da kika rubuta ya fita daga hannunki, ana iya ɗaukar hotonsa.

Ki yi irin ta Nana Khadija: ki sami mutum ɗaya mai riƙe sirri, matar yayanki ko wata gwaggo da ba ta yawo da zance. Ta fara bincika ko yana da wadda yake nema, da yadda abokan kasuwarsa ke shaidarsa wajen bashi da alƙawari. Sannan ta tambaye shi kamar daga ita: “Wane, ba ka tunanin aure ne? Ga Wance a gida.” Idan ya noƙe, ba wanda ya ji daga bakinki, ku ci gaba da gaisawa kamar da. Kada a sake aikawa karo na biyu.

Idan ya amsa, to ya zo zance ta ƙofar gida kamar kowa, ya turo magabatansa. Don ke kika fara ba zai sa a rage masa sadaki ko a ɗauke masa ɗawainiya ba, kada ki yarda da wannan. Ku kuma yi gwajin jini da wuri, tun kafin zance ya yi nisa, tunda dokar Kano ta 2024 ta wajabta shi kafin ɗaurin aure, har da na sikila. Hular kuwa kya saya masa bayan an sa rana.