Amsa Ga Yayana Na Kano Kan Makarantar Yaran Unguwarmu A Kumasi

Yaya, bayan gaisuwa da fatan Inna da sauran iyali suna lafiya, na ga saƙonka, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna ba ka amsa. Ka tambayi abin da ya sa muka buɗe makarantar ƙananan yara da kanmu, alhali ga makarantar allo, ga kuma iyaye mata a gida. Daga ƙarshe ka ƙara da tambayar da na tabbata ita ce ta fi damunka, wato ko yaran da muke tarawa ɗin ma suna jin Hausa. Ba kai ne na farko da ya yi mini ita ba, domin kusan duk baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina sai ya yi ta, wani da murmushi, wani kuma da alamar tausayi, kamar ya iske mutanen da suka yi ɓatan kai.

Ka san tarihin gidanmu kamar yadda na san shi. Kakan iyayenmu fataucin goro ne ya kawo shi Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau, ya zauna a Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, fatake suka bazu, zuriyarsa kuma ta zauna a Kumasi. Abin da ya raba mahaifinka da nawa shi ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Firayim Minista Busia a watan Nuwamba na 1969, wadda ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Baffa ya ɗaure kayansa ya nufi Kano, mahaifina kuwa ya tsaya saboda tsohuwarsu ba ta iya doguwar tafiya. Ina tuna maka wannan ne domin ka gane cewa da mota ta ɗauki ɗayan ta bar ɗayan, da yau kai ne a Kumasi ana tambayarka ko kana nan a Bahaushenka.

Maganar iyaye mata a gida kuwa, a nan zance ya sha bamban. Matan zango, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi Musulmi, 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni, kuma babu wanda yake ganin hakan a matsayin zubar da mutunci. Mai koko da ƙosai tana hura wuta kafin asuba, mai shinkafa da wake tana fita da sassafe, mai atamfa tana kama hanyar kasuwar Kejetia. A da ba a jin nauyin wannan, domin gidan gado cike yake da kakanni da gwaggonni, kuma yaro ba ya rasa mai ido a kansa. Yanzu tsofaffin sun ragu, an ba da yawancin ɗakunan haya, sababbin ma'aurata sun koma bayan gari inda haya ta fi sauƙi. Na sha ganin yaro ɗan shekara 2 yana wasa dab da kaskon mai yana tafasa, uwarsa tana sallamar masu saye. Gwamnati tun gyaran tsarin ilimi na 2007 ta sanya shekara biyu na share fage cikin karatun tilas, amma sai yaro ya kai shekara 4 ake karɓarsa. Kafin nan sai makarantun reno na kuɗi, waɗanda suke karɓar kuɗin zangon karatu a dunƙule, da yawansu kuma da waƙoƙin coci suke buɗe safiya. Ban zarge su ba, addininsu ne, kuma wurinsu ne.

Abin da ya tayar da ni shi ne ranar da ɗana na biyu ya dawo daga wata irin wannan makaranta, kakarsa ta wajen uba ta yi masa magana da Hausa, ya rufe bakinsa da hannu ya ce an hana yin yaren gida. Tsohuwar ba ta ce komai ba, amma na ga yadda fuskarta ta sauya. A makon nan na fara bi gida gida ina magana da matan layinmu.

Tsarin da muka yi ba baƙo ba ne, adashi ne muka mayar makaranta. A nan ana ce masa susu, kuma babu macen kasuwa da ba ta san ƙa'idarsa ba. Kowane gida yana zuba kuɗi duk ranar Juma'a, domin mai cinikin yau da gobe ta fi iya biyan kaɗan kaɗan a kan a ce ta kawo na wata uku lokaci guda. Da kuɗin muke biyan malama ɗaya mai takardar koyarwa, mu sayi tabarmi da allo da sabulu. Wani dattijo ya ba mu aron ɗakuna biyu da tsakar gida. Bayan kuɗi, kowane gida yana ba da yini ɗaya a cikin mako biyu, uwa ko kaka ko ƙanwar uba ta zo ta taya malama, ta raba koko, ta kai yara bayan gida, ta kwantar da su barcin rana. Maza aka ɗora wa gyaran rufi, jan ruwa da shinge, kuma gaskiya sai da liman ya yi musu magana bayan sallar Magariba kafin wasu suka motsa. Ba a fitar da ko sisi sai da sa hannun mutum biyu, sannan ana karanta lissafi a gaban kowa a ƙarshen wata, domin mun ga ƙungiyoyi da yawa da rashin wannan ya rusa. Jami'an jin daɗin jama'a, waɗanda dokar yara ta 1998 ta ɗora wa rajistar wuraren reno, sun zo sun duba, suka ce sai mun gina makewayi na yara daban da na mutanen gida, kuma a kan tara kuɗinsa muke yanzu.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta harshe. Wasu iyaye sun ce Turanci zalla suke so, domin da shi ake cin jarrabawa, kuma sun gaji da jin ana cewa ɗan zango ba ya karatu. Ba zan ce ba su da hujja ba. Iyayenmu sun daɗe suna gudun boko saboda yawancin makarantu na mishan ne, kuma sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana, wanda ya ba makarantun Larabci da Turanci malaman gwamnati. Mun biya kuɗin wannan jinkiri, babu mai son a maimaita shi. Amma akwai abin da ku a Kano ba ku taɓa fuskanta ba. Akwai harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, kuma Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana labarai da ita, kuma ita ce harshen da Bamoshe da Bazabarme da Bawangare da ɗan Dagomba suke haɗuwa a kai a cikin zango. Yaronmu idan ya shiga firamare a Kumasi, Twi, harshen mutanen Asante, da Turanci zai karanta, ba zai taɓa ganin Hausa a rubuce a kan allo ba. Don haka muka tsaya a kan cewa safiya ta Hausa ce, da gaisuwa da ƙirga da addu'o'i da gajerun surori, bayan hantsi kuma malama ta shigar da Turanci ta hanyar waƙa da wasa. Makarantar allo tana nan daram, yara suna zuwa Asabar da Lahadi, ba mu ɗauke mata komai ba.

Na san kuna dariyar Hausarmu. Kun ce muna cewa "ya zo" ko da mace ce, muna cusa kalmomin Twi, kuma ba mu rarrabe wasu haruffa. Gaskiya ne, haka da yawanmu suke magana, kuma malamarmu tana gyara wa yara a hankali ba tare da ta sa su jin kunyar bakin iyayensu ba. Sai dai ina so ka yi la'akari da cewa harshen nan ya haura shekara 100 a tsakiyar ƙasar Asante, babu makaranta, babu littafi a aji, amma bai mutu ba, har ma maƙwabta suka ari sunayen abincinmu. Duk Ghana ana cin waakye, daga wake sunan ya fito, ana shan kokon da suke kira na Hausa, ana tuƙa tuwon zafi.

Sai batun da ka taɓa a kaikaice, cewa auren Tonawa, wato mutanen Asante, ne ya gurɓata mana jini. Yaya, mahaifiyata Batoniya ce, ka sani. Ta musulunta kafin aurenta, ta koyi Hausa a wurin surukarta, kuma ita ta fara koya mini alwala. A al'adar Asante ɗa na dangin uwa ne, a tamu kuma na uba ne, saboda haka ni kowane ɓangare yana cewa tasa ce, kuma ban taɓa ganin wannan a matsayin naƙasa ba. A makarantarmu akwai yara irina da dama. Akwai ma wata uwa Kirista da take haya a layinmu, ta roƙa a karɓi 'yarta, aka yi muhawara dare biyu, daga ƙarshe aka karɓe ta bisa yarda cewa lokacin karatun surori za ta zauna da mai aikin ranar tana zane. Uwar ba ta taɓa fashin ranar aikinta ba, abin da ba zan iya faɗa a kan wasu 'yan asalin gidan malamai ba.

Ranar Alhamis tsofaffi ne da aji. Mahaifiyata tana ba da labarin Ananse, surukata kuma ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "ta zo mu ji ta," ta kawo Gizo da Ƙoƙi. Yaran da kansu suka gano cewa gizo-gizo ɗaya ne mai wayo a bakin kakanni biyu.

Abin da muke nema daga gare ku shi ne littattafai. Idan akwai mai tahowa, ka aiko mana da littattafan koyon karatun Hausa na aji ɗaya da na tatsuniyoyi masu hotuna, ko da tsofaffi ne, domin a nan ba a samunsu a kasuwa, malama da hannu take rubuta baƙaƙe a kwali. Sannan ka roƙar mini Inna ta rera waƙoƙin gaɗa da na reno da ta sani, ka ɗauka a waya ka turo. Akwai wata ta lallashin jariri da tsohuwarmu take yi, wadda duk layinmu baiti biyu kawai muka riƙe, kuma ina kyautata zaton Baffa ya tafi da sauran Kano.